Yadda ake fara ɗura harsashi da hannu a Amurka

Ranar farko da na ga wani dattijo yana bin ƙasa da bokiti yana tsintar kwanson harsashi a filin harbin garinmu a jihar Ohayo, na ɗauka ɗan jari-bola ne. Har na ce a raina, ashe nan ma akwai su. Sai da muka saba, ya kai ni garejinsa, na ga teburi an ɗaure masa wani ƙarfe mai hannu, ga ma'auni, ga littattafai sun sha jiki, sannan na gane cewa kwanson da nake zubarwa shi yake mayarwa harsashi sabo. A wurinsa na koyi abin da zan faɗa a nan.

Wanda ya tashi a ƙauye ya ga maharbi yana ɗura bindigarsa ta baki, ya zuba albarushi a tafin hannu ya kimanta da ido, ya tura tsumma ya daddanna, zai ce ai sana'ar tsohuwa ce. Da kamanni, amma kada kamannin ya yaudare ka. Baƙin albarushin maharba yana yafe kuskure kaɗan. Albarushin zamani marar hayaƙi, wanda wani Bafaranshe mai suna Paul Vieille ya fara haɗawa a 1884, ba ya yafewa. Abin da bai cika bakin cokalin shayi ba shi ne tsakanin harbi lafiya da bindiga ta tsage a hannunka. Duk abin da ke ƙasa a kan wannan ya rataya.

Doka tukuna

A Amurka dokar tarayya ba ta neman lasisi ga wanda zai ɗura harsashi don amfanin kansa. Da zarar ka shiga sayarwa, kana buƙatar lasisin ƙera harsashi daga ATF, hukumar tarayya mai kula da harkar bindigogi. Amma akwai abin da ya shafe mu baƙi kai tsaye, wanda 'yan ƙasa ba za su tuna su gaya maka ba. A dokar tarayya, kalmar harsashi ta haɗa da kwanso da albarushi da duk kayan haɗinsa. Wanda yake zaune da bizar wucin gadi, kamar ɗalibi ko mai ziyara, an hana shi riƙe bindiga ko harsashi sai in ya faɗa cikin 'yan togaciya, mafi sanuwa ita ce ingantaccen lasisin farauta na wata jiha. Wanda ba shi da takardun zama kuwa babu ma maganar. Jihohi kuma kowace da nata: a Masachusets sai da lasisi za ka riƙe kayan haɗin, a Ilinoi akwai katin da ake nema kafin sayen harsashi. Ka karanta dokar jiharka, in abin ya shige maka duhu ka biya lauya ya warware maka.

Game da gida kuwa, maganar gajera ce. Dokar makamai ta Najeriya ta hana mutum ƙera ko haɗa harsashi a gidansa, kuma sako kayan nan a jaka ko aika su ta kwantena laifi ne babba a ƙasashen biyu. Sha'awa ce ta inda doka ta yarda da ita, a nan take tsayawa.

Abin da harsashi ya ƙunsa

Abu huɗu ne. Kwanso, na tagulla, shi ne kaɗai ake sake amfani da shi. A gindinsa akwai wata 'yar hula ƙarama da allurar bindiga ke sara ta ba da wuta. Masu harkar suna ce mata firaima, ni ina ce mata ƙyastu don aikinsu ɗaya. Sai albarushi. Sai kai, wato dalmar da ke fita, tsirara ko an lulluɓe ta da jan ƙarfe. Ƙyastu da albarushi duk saye ake yi daga kamfani. Babu mai hankalin da ke haɗa su a gida.

Ƙyastu iri biyu ne a duniya, kuma labarinsu da ban dariya. Wani hafsan Ingila, Edward Boxer, ya ƙirƙiro mai rami ɗaya a tsakiyar gindin kwanso. Wani Ba'amurke, Hiram Berdan, ya ƙirƙiro mai ƙananan ramuka biyu a gefe, dukansu a shekarun 1860. Sai Amurka ta rungumi na Baturen Ingila, Turai ta daɗe tana amfani da na Ba'amurken. Kai dai abin da ya dame ka: leƙa cikin kwanso da tocila. Rami ɗaya, naka ne. Rami biyu, jefa shi a bokitin tarkace, don zai karya maka allurar cire ƙyastu.

Fara da littafi, kuma fara da harsashi mai sauƙi

Dattijon nan bai bar ni na taɓa injinsa ba sai da na karanta rabin farko na littafin ɗura harsashi na kamfanin Lyman, wajen bayanin aiki, kafin a kai ga jadawalin awo. Hornady da Sierra da Speer duk suna da nasu, Hodgdon kuma yana sa nasa awon kyauta a intanet. Ka mallaki biyu aƙalla, ka riƙa gwama su. Waɗannan kamfanoni suna da ɗakunan gwaji da na'urorin auna ƙarfin matsi, suna bin ƙa'idar SAAMI, ƙungiyar masu ƙera makamai da aka kafa a 1926. Shi ya sa da gangan ba zan rubuta maka adadin albarushi ko ɗaya ba. Awon da ka tsinta a Facebook, ko a bakin wani a filin harbi, ko a rubutu irin wannan nawa, ba abin ɗurawa ba ne. Kuskuren lamba ɗaya wajen kwafa ya isa.

Awon da giren ake yinsa. Giren 7,000 ne laba ɗaya, giram ɗaya kuma ya ɗan haura giren 15. Ka lura da kyau, giren daban giram daban, kuma ma'aunin lantarki yana iya sauya ɗaya zuwa ɗaya in ka taɓa maɓalli ba ka sani ba.

Shawarata ka fara da .38 Special, harsashin libarba da Smith & Wesson suka fito da shi a 1898. Kwansonsa miƙaƙƙe ne ba wuya ba kafaɗa, ƙarfin matsinsa kaɗan ne, iyakarsa 17,000 a ma'aunin psi, alhali .357 Magnum yana kai 35,000, .308 Winchester na doguwar bindiga kuma 62,000. Libarba ba ta watsar da kwanso, a hannunka yake faɗowa, kuma kwanso ɗaya yana jure ɗuri da yawa kafin bakinsa ya tsage. Yana da tarko guda, babba, za mu zo kansa.

Kayan aiki

Injin matsa kwanso iri uku ne: mai yin aiki ɗaya a kowane ja, mai kai mai juyawa, da mai yin komai lokaci guda, irin na Dillon da ake ƙerawa a Arizona, wanda kowane ja yake tofo harsashi gamamme. Na ukun yana da ban sha'awa a bidiyo. Ka bar shi tukuna. Abu huɗu ko biyar ne ke faruwa a cikinsa lokaci ɗaya, idon sabon shiga kuwa ɗaya yake iya bi. Sayi mai aiki ɗaya. Rock Chucker na kamfanin RCBS, wanda Fred Huntington ya kafa a Kalifoniya a 1943, ƙarfe ne da jikanka zai gada. Na Lee, daga Wiskonsin, ya fi araha kuma yana yin aikin. Wanda wani ya riga ya yi amfani da shi ma ba laifi in ba shi da girgiɗi.

Sai dayi, wato wasu ƙarafa masu rami kamar manyan noti da ake ɗaurawa a saman injin, kowane nau'in harsashi da nasa. Na .38 Special uku ne a akwati: mai matse kwanso ya cire tsohon ƙyastu, mai buɗe baki, mai zaunar da kai. Kusan duk kamfanoni zarensu ɗaya, don haka dayin wannan yana hawa injin wancan. Ka nemi wanda ke da zoben kabayid a ciki, wato wani ƙarfe mai tsananin tauri, shi ba ya buƙatar a shafa wa kwanso mai. Da su akwai mariƙin gindi, ɗan ƙarfen da kwanso ke zama a kai.

Ragowar: ma'aunin albarushi da duwatsun gwada shi, ma'aunin tsawo mai baki biyu da ke karanta kashi ɗaya cikin dubu na inci, mazurari, abin dasa ƙyastu na hannu, gudumar roba ta zare kai in an yi kuskure, tabarau na kariya, tocila, da faranti biyu masu ramuka da ake jera kwanso a ciki, kamar tandar waina. Biyu na ce, da dalili. Teburin kuma ya zama mai nauyi, a ɗaure injin da kusoshi. Nawa na farko na katako ne marar ƙarfi, duk ja sai ma'auni ya yi rawa, ƙarshe sai da na ɗaure teburin da bango.

Tantance kwanso da wanke shi

Mafi kyau ka fara da kwanson harsashin kamfani da kai ka harba, ka san tarihinsa. In tsinta ka yi, zauna ka bi su ɗaya-ɗaya. Karanta rubutun gindi. Kwanson .357 Magnum kamar tagwayen .38 Special ne, ya fi shi tsawo da kusan kashi ɗaya cikin takwas na inci kawai, kuma suna cakuɗewa. Bi su da maganaɗisu, wanda ya manne ƙarfe ne, watsar. Na alminiyam, masu launin toka, watsar. Mai tsagaggen baki, mai kumburi, mai tsatsar kore, watsar. Dattijon yakan ɗebi cikin hannu ya girgiza a kunne. Lafiyayyu suna ƙara tsaf, in akwai mai tsaga sai ka ji sautin ya mutu kamar fasasshiyar ƙwarya. 'Yan ƙananan .22 kuwa ba a sake ɗura su, ƙyastunsu a cikin gefen gindi yake.

Wanki don kare dayi ne daga yashi, ƙyalli ƙari ne. Akwai injin girgiza da ake zuba masa niƙaƙƙen totuwar masara ko ɓawon gyaɗar Turawa, akwai mai juyawa da ruwa da sabulu da ƙananan allurai na ƙarfe. In da ruwa ka wanke, su bushe ƙarau har cikin ramin gindi, ɗigon ruwa ɗaya yana iya kashe ƙyastu. In busasshe ne, ka sani ƙurar nan cike take da dalma, don yawancin ƙyastu da sinadarin dalma ake yinsa. Mu da muka ji abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 ba sai an yi mana dogon bayani ba. A waje ake tace shi, ba a kicin ba, ba kusa da yara ba. Ba a ci ba a sha a teburin, kuma a wanke hannu da sabulu kafin a taɓa abinci.

Matsewa, buɗe baki, dasa ƙyastu

Lokacin harbi kwanso yana kumbura ya cika ɗakinsa, wato ramin da yake zama a cikin bindiga. Dayi na farko yana mayar da shi girmansa. Ɗaura shi yadda takardar cikin akwati ta ce, sa kwanso a mariƙi, ja hannun injin har ƙasa, za ka ji tsohon ƙyastu ya faɗo, ɗaga. Yi wa hamsin haka kafin ka sauya dayi. Haka aikin yake da wannan inji, rukuni-rukuni, kuma alherinsa ke nan: hankalinka a kan abu ɗaya.

Dayi na biyu yana ɗan buɗe bakin kwanso don kai ya samu wurin zama. Kaɗan ake so, iya yadda kai zai tsaya da kansa in ka ɗora. Ka buɗe da yawa, bakin zai gaji ya tsage da wuri. Ka buɗe kaɗan ainun, zai kankare dalma ko kwanson ya lanƙwashe. Sauko da dayin a hankali, kwata-kwatan juyi, kana gwadawa.

Kafin ka buɗe kwalin ƙyastu sa tabarau. Ƙyastu girma-girma ne: ƙarami da babba na ƙaramar bindiga, ƙarami da babba na doguwa, kowanne kuma da mai ƙarfi da ake kira magnum. Wanda littafi ya rubuta shi za ka sa; .38 Special ƙarami na ƙaramar bindiga yake ci. Zuba ɗari kawai a faranti, kada ka juye su da yawa a kwalba ko gwangwani, don in ɗaya ya tashi a cunkushe sauran na bin sa. Matsa a hankali har ka ji ya taɓa ƙasan raminsa. Shafa yatsa a gindin: ya kamata ya ɗan nutse ƙasa da fuskar kwanso, ko da kaurin gashi ne. Wanda ya ɗago yana iya hana libarba juyawa. In ka ji ya cije, tsaya ka duba, kada ka sa ƙarfi. Wani lokaci ya juya ne a kaikaice, wani lokaci kwanson soja ne da aka danne bakin raminsa, sai an gyara ramin tukuna.

Albarushi

A nan ake kashe waya. Ba rediyo, ba hira, ba yaro a gefe, ba gajiya, ba sauri. In an kira salla ko an buga ƙofa, ka gama jeren da kake kai ko ka juye shi ka sake daga farko in ka dawo.

Gwangwanin albarushi ɗaya tak a kan teburi, sunansa na kallonka. Sunayen suna rikitarwa: akwai H4350 na Hodgdon, akwai IMR 4350, lamba ɗaya amma awonsu daban. Albarushin ƙaramar bindiga yana ci da sauri, na doguwa a hankali. Ka zuba na farko a kwanson doguwar bindiga, ka haɗa bam a gaban fuskarka. In ka gama, ragowar ya koma gwangwaninsa nan take. Wanda ka tarar a mazubi, wato abin da ke awon albarushi ya zuba a kwanso, ka manta ko wane ne, ya tashi daga aiki. Ba a cakuɗa biyu, ba a sayen wanda aka buɗe a hannun wanda ba ka sani ba.

Buɗe littafi, nemo nau'in harsashinka, nemo nauyin kai da irinsa daidai da wanda ke hannunka, don dalma tsirara da mai rigar jan ƙarfe ba awonsu ɗaya ba ko da nauyi ya zo ɗaya. Za ka ga lamba biyu, ta farawa da ta iyaka. Da ta farawa ake farawa. Kada kuma ka yi wayon sauka ƙasa da ita, wannan ma yana da nasa haɗarin. Rubuta lambar a takarda da manyan baƙi ka manna a gabanka. Daidaita ma'auni a sifiri, gwada shi da dutsen gwaji, rufe taga da fanka don iska tana motsa shi. Hamsin ɗinka na farko, auna kowanne. Daga baya in ka koma amfani da mazubi mai awo, ka riƙa mayar da na goma-goma kan ma'auni.

Ga tarkon da na ambata. An ƙera .38 Special a zamanin baƙin albarushi, shi ya sa cikinsa ke da faɗi. Albarushin zamani mai saurin ci ɗan kaɗan yake kwanciya a ƙasa, har kwanson zai ɗauki awo biyu, wani lokaci uku, bai nuna a baki ba. Zubi biyu a kwanso ɗaya shi ne abin da ya fi fasa libarba a hannun masu wannan harka. Maganinsa tsari ne. Faranti na hagu, kwanso marasa albarushi, a kife, gindi sama. Ka ɗauki ɗaya, ka juyo shi, ka zuba, ka ajiye a faranti na dama. Kwanso ba ya komawa hagu, mazurari ba ya zuwa dama. In faranti ya cika, tashi tsaye ka haska tocila ka bi jere-jere kamar mai duba sahu: kowane da albarushi, kuma tsayinsa ɗaya da na maƙwabcinsa. Wanda ya yi maka wani iri, juye shi ka sake aunawa. In za ka zaɓi albarushi, tambayi mai shago wanne cikin waɗanda littafi ya lissafa ya fi cika kwanso, don zubi biyu ya fito fili.

In ya zube a ƙasa, tsintsiya da abin kwasa. Injin shara mai zuƙa yana da tartsatsi a cikinsa.

Zaunar da kai

Kafin ka taɓa kwanso mai albarushi, yi gwaji da fanko, ba ƙyastu ba albarushi. Ɗora kai, ja, auna tsawon harsashin gaba ɗaya, sauko da sandar dayin kaɗan-kaɗan har ya kai tsawon da littafi ya rubuta wa wannan kan. Iyakar .38 Special inci 1.550 ne, amma kowane kai da nasa tsawon. Abin ba na ado ba ne: kai in ya nutse fiye da ƙima, wurin da ya rage wa albarushi ya ragu, matsi ya hau. A ƙananan kwanso irin 9mm ɗan nutsewa kaɗan yana ɗaga matsi sosai.

Kan harsashin libarba yana da wani zobe a jikinsa. A nan ake lanƙwasa bakin kwanso ya riƙe shi, don kada bugun harbi ya zaro kan sauran harsasan da ke jira ya hana bindiga juyawa. Na bindiga mai ɗura kanta kuwa matse bakin kawai ake yi ya koma miƙe, don da bakin kwanso harsashin ke tsayawa a ɗakinsa. Ajiye wannan fankon da ka daidaita, rubuta masa suna, gobe da shi za ka saita dayi cikin minti ɗaya.

Sannan ka bi na gaske, ɗaya bayan ɗaya, kana leƙa cikin kowane kwanso sau ɗaya na ƙarshe kafin ka rufe shi da kai. Ka gama, shafa gindi, duba baki, jefa kowanne a ma'aunin ɗaki, wani ƙarfe mai rami daidai girman ɗakin bindiga. Ya shiga da kansa ya fito da kansa. Zuba a akwati, rubuta kwanan wata, irin kai da nauyinsa, sunan albarushi da awonsa, irin ƙyastu, tsawo, da sau nawa aka ɗura kwanson. Akwatin da ba rubutu, bayan wata shida kai kanka ba ka san abin da ke ciki ba.

A filin harbi

Kada ka ɗura ɗari biyu a zaman farko. Goma a awon farawa sun isa. In kana son hawa, biyar-biyar, kana ƙara ɗan mitsitsi, ba ka wuce iyakar littafi. Ana yawan maganar alamun matsi: ƙyastu ya baje, kwanso ya ƙi fita, sakatar doguwar bindiga ta yi tauri. In ka gan su ka tsaya, ka zare kan sauran. Amma a harsashi mai ƙaramin matsi irin .38 Special, kafin alamun su bayyana ka riga ka wuce iyaka da nisa. Rashin alama ba shaidar lafiya ba ce, littafi ne shaidar. Mafi yawan lokaci ma awon da ya fi tara harbi wuri ɗaya yana ƙasa da iyaka.

Akwai kuma kishiyar zubi biyu, wato kwanson da ba a zuba masa komai ba. Wannan ni ya taɓa samu. Wata ranar Asabar ina ɗuri aka kira ni daga gida Kano, rasuwa ce aka yi a dangi, na amsa, na dawo na ci gaba daga inda nake zaton na tsaya, ban haska tocila ba. Bayan sati biyu a filin harbi na ja kunama, maimakon ƙara sai na ji "fuf", ba bugu a hannu. Yatsana har ya fara komawa. Dattijon da ke gefena ya dafa kafaɗata ya ce in ajiye. Muka buɗe, muka zura sandar katako ta baki, sai ta tsaya a rabi: ƙyastu kaɗai ya tura kan ya maƙale a tsakiyar bututu. Da na sake harbi, na biyu zai tarar da na farko a hanya. Ran nan na koma gida na zauna da gudumar roba na zare sauran arba'in da 'yan kai ɗaya-ɗaya. Duk da albarushinsu, wancan ɗaya ne kawai. Don haka duk harbin da ƙararsa ko bugunsa ya bambanta, sauke yatsa, jira ɗan lokaci bakin na kallon gaba, fitar da harsasai, duba bututu.

Harsashin da wani ya ɗura ba na harbawa, nawa ma ba na ba kowa. Ka kuma sani yawancin kamfanonin bindiga suna janye garantinsu in ɗurin gida ya yi ɓarna.

In ka koma doguwar bindiga

Kwanso mai wuya da kafaɗa irin .308 Winchester yana ƙara aiki uku. Dole a shafa masa mai kafin matsewa, siriri, ban da kafaɗa don mai yana lotsa ta. Ka manta, kwanso zai maƙale a dayi har gindinsa ya yage, kuma kusan kowa sai ya yi wannan sau ɗaya. Yana kuma ƙara tsawo da kowane harbi: iyakar .308 inci 2.015 ne, ana datse shi zuwa 2.005 a goge bakin ciki da waje, don wanda ya yi tsawo yana cije kai a maƙogwaron bindiga matsi ya hau. Na uku, tagullar da ke ƙaruwa a baki daga kusa da gindi take tahowa. In ka ga zobe mai haske a can, lanƙwasa bakin waya ka shafa ta ciki. Ka ji kwari, kwanson ya kusa rabewa biyu, ya gama aiki. Mu a Ohayo ma tun 2014 aka yarda a yi farautar barewa da doguwar bindiga mai miƙaƙƙen kwanso, don haka da yawa daga maharban nan ba su taɓa buƙatar wannan babin ba.

Ajiya da kuɗi

Albarushi a gwangwaninsa na asali, wuri mai sanyi marar laima, nesa da wuta, nesa da ƙyastu, a kulle daga yara. Kada a sa shi a akwatin ƙarfe mai rufewa gam. A buɗe ci yake yi da wuta, a matse fashewa yake. Ƙa'idar hukumar kare gobara ta NFPA ta ba da laba 20 a gida, har 50 in a akwatin katako mai kaurin inci ɗaya ne, ƙyastu kuma 10,000, amma garinku ko mai gidan hayarka na iya tsanantawa. In ka buɗe gwangwani ka ji wari mai yaji ko ka ga ƙura ja kamar tsatsa, ya lalace.

Za a ce maka ana rage kashe kuɗi. A kan kowane harsashi gaskiya ne, musamman .38 Special, .357 Magnum, manyan na farauta da tsofaffin da shaguna ba sa kawowa. A 9mm ribar ba ta taka kara ta karya ba. Sayen albarushi da ƙyastu ta intanet yana da ƙarin kuɗin jigilar kaya masu haɗari, don haka shagon kusa ya fi, ko ku haɗa oda da abokai. A 2020 da 2021 ƙyastu ya ɓace daga kasuwa, masu inji na dubban daloli suka zauna suna kallonsa, shi ya sa in na samu a farashi mai kyau nake ɗaukar kwali ɗaya na dubu in ajiye. Kuɗin da na rage kuwa ban taɓa ganinsu a aljihu ba, harbin ne ya ninka.

Hamsin ɗin farko sun ci mini kusan awa uku. Yanzu awa ɗaya da 'yan mintuna ne, da injin nan dai mai aiki ɗaya, waya tana cikin mota.